Jar Ƙanƙara a Firigon Gwaggo

Ranar da aka kawo ni gidan Gwaggo Dije a Madarunfa, ƙara na fara ji tun kafin in ga fuskar kowa. Wani gurnani ne ƙasa-ƙasa da ba ya yankewa, kamar mage tana barci a bayan ƙofa. Da na shiga ɗaki sai na ga mai yin sa. Firigo ne, wato firiji, babba, fari, irin na kwance, an lulluɓe shi da zanen gado mai furanni, an rataya masa kwaɗo. A ƙauyenmu, can wajen Gabi, ban taɓa ganin abin da aka yi wa sutura haka ba in ba mutum ba.

Gwaggo yayar Baba ce. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta duk sun yi gidajensu, ita da firigon nan suke riƙe da juna. Tana ƙulla ruwa a leda ya zama ƙanƙara, tana ƙulla zoɓo, unguwa tana saye. Ni kuwa na ci jarrabawar shiga kolej, ƙauyenmu kuma babu kolej. Da Gwaggo ba ta ce a kawo ni ba, da karatuna ya tsaya nan. Da wannan sanin nake kwana, da shi nake tashi, shi ya sa ban taɓa cewa ina son kaza ko ba na son kaza a gidan ba. Makullin firigo biyu ne. Ɗaya yana ƙulle a bakin zanen Gwaggo. Ɗayan, da ta ga hannuna ba ya ɓarna, ta zura shi a zare ta rataya min a wuya.

Ina rubuta abin da ya same ni ne saboda masu firigo, da kuma ƴan mata irina da ke zaune gidan dangi. Akwai wuraren da alƙalami ya yi min nauyi, amma na rubuta.

Da Sallar Layya na je gida. A wajenmu in an yanka rago, buɗe shi ake yi a soke shi da sanduna, a jingina shi kusa da wuta ya yini yana gasuwa, washegari a raba. Abin da ya rage mata su soya shi da kitsensa, ya yi watanni bai ce komai ba. Bana sai Baba ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya cire cinya guda tun kafin a kai ragon wuta. Ya ce Yaya tana da firigo, mutanen gari ɗanye suke so su yi miya yadda ransu yake so. Abokansa sun yi ta tsokanarsa, wai ragon Malam Sale gurgu ne, da ƙafa uku ya zo Idi. Yana dariya, amma na ga abin ya yi masa daɗi. Baba ba ya biyan Gwaggo komai don zamana. Buhun gero ne da kaka, sai kuma wannan cinyar.

Cinyar ta kwana a rataye a ɗakin Inna. Washegari aka sa ta a leda, aka sa ledar a buhun taki, muka hau amalanken jaki ni da Baba. Ni na zauna kusa da buhun. Rana tana dukanmu, kuma Baba bai wuce ƙauyen da yake da ɗan uwa bai tsaya barka da Sallah ba. Tun muna rabin hanya na ga manyan ƙudaje masu ƙyalli sun fara bin mu, gindin buhun ya jiƙe. Na kau da kai. Ni ce ƴar fari, ni da Baba ba ma hira. Bai taɓa kiran sunana ba tun da na yi wayo, sai dai "ke" ko "yarinyar nan".

Sai la'asar muka iso. Gwaggo ta buɗe buhun, hancinta ya ɗan motsa, kaɗan ƙwarai, ni kaɗai na gani. Sai ta washe baki.

"Sale, wannan ai cinyar sa ce. Ko fashi ka fara ban sani ba?"

"Ke dai ci ki yi shiru, Yaya."

Da ya tafi ta sake shinshinawa, ta ce, "Ya ɗan ji hanya. Sa shi ciki, Balki. Sanyi zai kashe duk abin da ke jikinsa. Kin taɓa ganin abin da ya rayu cikin ƙanƙara?"

Ban taɓa gani ba. A lakol, wato makaranta, an koya mana akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, har mun zana su a allo, amma ba a taɓa zancen firigo ba. Maganar Gwaggo ta zauna min daram. Duk unguwar ma haka suka ɗauka. Maƙwabta sun kawo nasu naman ajiya, kowa ya ɗaure ledarsa da ƙyallen zanensa don kada a rikita. Na jera su duka a sama, ƙanƙarar sayarwa tana ƙasa.

A makon nan aka yi ta ɗauke kuran, wutar lantarki ke nan. In an ɗauke, firigo ya yi shiru, Gwaggo ma ta yi shiru, ta hana a buɗe shi. Akwai ranar da ya yini ya kwana bai dawo ba. Da ya dawo, komai ya sake daskarewa, Gwaggo ta ƙwanƙwasa cinyar da bayan cokali ta ce, "Kin ji? Kamar dutse." Amma da na kwashe ƙanƙara, sai na ga ledojin da ke ƙarƙashin naman sun yi ja. Ruwan naman ya tsiyaya a kansu lokacin da ya saki, ya daskare a jikin ledar kamar an shafa musu jan baki.

"Waɗannan ba mai saye," in ji Gwaggo. "Ki ɗauraye ki riƙa sha, kada a yi asara."

Gaskiya murna na yi. Tun zuwana ban taɓa ɗaukar ƙanƙarar sayarwa ba, ko da zafi zai kashe ni. Waɗannan kuwa nawa ne, an ba ni. In na dawo daga lakol sai in tsoma ɗaya a ruwa in fitar, in ciji gefen ledar da haƙori, in zauna bayan ɗaki ina tsotsa. Akwai ɗan ƙarni-ƙarni, amma sanyin ya rufe shi.

Makon farko na ciwon, murɗar ciki ce ta fara, sai zazzaɓi, sai gudawa. A nan ne nake so ƴan uwana mata su karanta a hankali. Makewayin gidan Gwaggo yana daf da zaure, ƙofarsa guntun kwano ce da ba ta kai ƙasa ba. Nan ne kuma masu sayen ƙanƙara suke tsayawa, tun safe har magariba, cikinsu har da samarin ajinmu. Duk wanda ya shiga, ana ganin ƙafafunsa, ana jin komai. Sai na yi wa kaina dabara: in ban ci ba, in ban sha ba, ba abin da zai fita. Na daina shan ruwa sai ɗan kurɓi. Tuwo in tura shi gefen kwano in rufe. A aji in damƙe bakin tebur har abin ya lafa, don ba zan iya ɗaga hannu gaban Mushe, malaminmu, in nemi fita ba.

Gwaggo ta ga ina rawar sanyi ta tambaye ni. Na ce kaina ne ke ciwo. Ta ce sauron farkon damina ne, ta kira mai tallan magani a faranti ta saya min ƙwayoyi kala uku. Maƙwabciyarmu Tabawa ta leƙo ta katanga ta ce shawara ce, a duba idona. Aka duba, ba a ga komai ba, amma duk da haka ta aiko da jiƙo mai ɗaci. Wata ta ce in daina wanka da yamma. Kowa yana maganin ciwon da na faɗa, ainihin ciwon kuwa ni kaɗai na san shi. Ranar da na ga jini, na tsorata, amma na wanke wurin tas na fito ina gyara hijabi kamar ba komai.

Ban san lokacin da na faɗi ba. Na tuna ina ɗaga murfin firigo zan miƙa wa wani yaro ƙanƙara, murfin ya yi min nauyi, sanyin ya bugi fuskata. Sai na farka a bayan babur, an matse ni tsakanin mai babur da Gwaggo, tana ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, kanta ko ɗankwali babu.

Asibiti cike yake. Mata da jarirai a kan benci, a ƙasa, a gindin bishiya. Gwaggo ta shimfiɗa ni a tabarmar wata baiwar Allah da ba mu sani ba, ta tafi layin kati, ta dawo, aka ce ba wannan layin ba ne, ta koma. Na kwanta ina kallon tururuwa suna jan ɓawon gyaɗa. Da aka zo kanmu, wata ma'aikaciyar jinya da ake kira Madam Zali ta tsunkuli fatar hannuna ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye kamar ta tsohuwa.

"Yaushe rabonki da fitsari?" ta tambaya, mutane suna ji.

Na sunkuyar da kai.

"Gudawa take?" ta tambayi Gwaggo.

"A'a, kai ne da zazzaɓi."

Madam Zali ta dube ni ta ce, "Ke, dube ni. Gudawa kike?"

Na ɗaga kai alamar e. Fuskar da Gwaggo ta yi, har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Ba faɗa ta yi ba. Cewa ta yi a hankali, "A gidana, Balki? Ina kwana ɗaki ɗaya da ke?"

An soki yatsana, ba a sami zazzaɓin sauro ba. Aka ba ni ƴar ƙaramar kwalba aka ce in kawo bayan gida a auna. Da ita na ratsa layin nan gaba ɗaya, na ɓoye ta cikin hijabi, Gwaggo tana riƙe da ni. A ƙofar ɗakin awo muka yi kiciɓis da uwar wata ƴar ajinmu, ta tsaya gaisuwa mai tsawo, tana tambayar mutanen Gabi ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa abin yana hannuna. Daga nan aka ba ni gado, aka sa min ƙarin ruwa.

Mako na biyu a gadon nan na yi shi. Dole in faɗi alherin Gwaggo. Ta rufe firigonta ta bar ciniki. Ita ke kawo fo in kewaya a ciki, ita ke zubarwa, ita ke wanke zannuwana a famfon bayan ɗaki tun kafin layi ya taru. In abin ya taso, sai ta kwance mayafinta ta tsaya ta kare ni da shi, hannuwanta a sama har su yi rawa, tana kallon bango tana yi min hirar banza don kada in ji kunya. Duk takardar magani da aka miƙo, sai ta kwance bakin zane, makullin firigo yana lilo, ba ta taɓa tsaki ba. Daga baya na lura kwallayenta na jere sun ragu a ɗaki. Ba ta faɗa min ba, ni ma ban tambaya ba.

Amma dole in faɗi abin da ya ƙona min rai. Duk wanda ya zo dubiya ya ce mi ke damunta, Gwaggo da muryarta ta kasuwa za ta ce, "Zawo ne, har da jini." Maza, mata, har limamin unguwa. In ja zane in rufe fuska in yi kamar barci. Masu dubiya kuma kowa da nasa. Tabawa ta kawo jiƙon sabara a gora ta ɓoye ƙarƙashin gado. Wata ta ce a ba ni fura mai kauri ta toshe cikin. Wani tsoho ya ce yarinya mai ƙoƙari a lakol ba a rasa mai yi mata baki, a nemo rubutu. Madam Zali ta bar rubutun, ta kwashe gorar, ta ce ruwan gishiri da sukari kaɗai ta yarda ya shiga bakina, kurɓi-kurɓi, ko ina so ko ba na so. Ɗakin da zafi, fanka ɗaya ce kuma ba ta kai wajen gadona, ga kukan yara. Duk da haka mutanen nan su suka tsayar da ni, Allah ya saka musu.

Baba ya zo ana tsakiyar shuka. An yi ruwa mai kyau, kowa yana gona, shi ya baro tasa. Bai shigo ba. Ya tsaya a bakin taga ta waje, ya juya min gefe, ya tambayi bango, "Da sauƙi?" Na ce da sauƙi. Sai na ji su da Gwaggo a baranda, don gadona yana jikin tagar.

"Na kawo miki ɗiya da ƙafafunta, Yaya."

"Ka kawo min ɗiya da bakinta a ɗinke. Wajenka ta gado shi."

"Abincinku na gari ne. Komai sai ya kwana cikin sanyi. Mu can mi muke ci in ba abin da aka dafa yau ba?"

"Ruwan rijiyarku ta sha da Sallah. Ni firigona ko ƙuda ba ya shiga."

Sai Baba ya ce, "In ta tashi zan tafi da ita. Abin da ta karanta ya isa. Uwarta ma tana bukatar hannu."

Ruwan da ke ɗiga cikin hannuna na ji ya yi sanyi har kafaɗa. Ga jarrabawar ƙarshen shekara ana yi ba ni, ga wannan.

Likita ya riga ya tambaye ni abin da na ci ko na sha kafin ciwon, ya sake tambaya, ina cewa ba komai. Ba don na manta ba. Kwance a gadon nan na yi ta juya abin a raina, jar ƙanƙarar nan tana dawo min. Ni kaɗai na sha ta, ni kaɗai na kwanta. Amma in na faɗa, cinyar Baba ce, wadda ya cire wa ragonsa ana yi masa dariya. Kuma firigon Gwaggo ne, abin da take ci da shi. Duk wanda na taɓa a cikinsu, ni ce zan koma ƙauye.

Madam Zali ce ta ciro maganar. Tana canza min ledar ruwa, Gwaggo ta tafi alwala, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "In akwai abin da kika sha, yana nan inda kika bar shi. Wani yaron zai sha." Na tuna ƙananan yaran da ke zuwa da kuɗinsu a dunƙule a hannu. Na tuna ban shanye jajayen ba, kuma in an ɗauraye su sosai ba mai bambanta su da sauran. Sai na faɗa mata duka, tun daga buhun taki, da muryar da sai da ta sunkuyo kafin ta ji.

Likita ya sa aka kira Baba da Gwaggo. Ya dubi Baba ya ce, "Kai ne mahaifin Balkisa?"

"Ƙanen Dije ne ni," in ji Baba, yana kallon takalminsa. Wata mata a gadon kusa ta yi dariya cikin mayafi.

Likita bai yi faɗa ba. Ya tambayi yadda naman ya zo, da yadda aka jera shi. Gwaggo ta ce ai daskarewa ya yi kamar dutse, wace cuta ce za ta rayu a nan. Amsar da ya ba ta na riƙe ta kamar karatun allo.

"Hajiya, sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta. Barci yake sa ta. In kuran ya tafi nama ya saki, sai ta farka ta ci ta hayayyafa. In ya dawo, ta koma barci da ƴaƴanta da jikokinta. Yadda kika sa nama a firigo, haka za ki fitar da shi, ko ya fi haka lalacewa. Firigo ba ya gyara abin da ya riga ya taɓu."

"To ni da na ci naman? Ga ni garau."

"Kin dafa shi?"

"Tun azahar har magariba yana kan murhu."

"Dahuwar ce ta cece ki. Ƙanƙarar fa, wa ya dafa ta?"

Baba, wanda bai ɗago ba tun shigowarsa, ya ce a hankali, "Likita, naman da ya kwana, ya kuma yini a hanya cikin rana. Shi ma yana ciki?"

"Ba zan rantse maka ba, Malam, amma ina zaton tun a hanya aka fara."

Na so a ce sun yi faɗa. Da sun yi, da na san inda zan sa kaina. Amma da suka fita baranda, Baba cewa ya yi, "Ni na kawo miki cuta har gida, ina ta washe baki." Gwaggo ta ce, "Ni na ji warin, Sale. Na ji shi da hancina, na ce kada in kunyata ka." Daga nan ban sake jin komai ba sai jan majinar Gwaggo.

A mako na uku aka sallame ni. Ƙafafuna kamar ba nawa ba, siket ɗin lakol sai da aka ɗaure shi da zare. Ina zaune a tabarma jikin bango na kalli Gwaggo tana kwashe firigo. Ta fasa ƙanƙarar gaba ɗaya, ja da fara, ta zubar a kwata. Sauran cinyar ta haƙa rami a bayan gida ta binne, ta ɗora dutse saboda karnuka. Ta wanke cikin firigon da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta har hannuwanta suka yi fari. Sannan ta ɗauki ledojin maƙwabta, kowace da ƙyallenta, ta bi gida-gida tana mayarwa, tana faɗa musu abin da likita ya ce. Ta ce wanda ya ji ko ɗan wari ya zubar, wanda bai ji ba ya dafa har ya rabu da ƙashi, kuma daga yau ba ta karɓar ajiyar ɗanyen nama. Tabawa ta ce wulaƙanci ne, don an ga ba su da firigo. Labari ya zaga unguwa cewa ƙanƙarar Dije ta kwantar da ɗiyar ƙanenta. Zaure ya yi tsit. Makewayin da na yi ta jin kunyar shiga, yanzu ba kowa a bakinsa, kuma wannan shirun ya fi min ciwo.

Ga abin da zan ce wa mai karatu, iyakar abin da na sani. Naman da ya ji rana, sanyi ba zai maido shi ba. Naman da ya saki ya sake daskarewa, taurinsa ba shaida ba ne. Kada a ɗora ɗanyen nama a kan abin da za a sha ko a ci ba dahuwa. In gudawa ta kama ki, ki sha ruwa, ki ƙara sha, kuma ki faɗa tun ranar farko, ko da duk samarin ajinku suna tsaye a zaure. Ni kunyar yini ɗaya na guje wa, na sha ta makonni a gaban duk garin.

Madam ɗin ajinmu, malamarmu, ta aiko cewa makin da na tara tun farkon shekara ya isa in wuce aji na gaba. Gwaggo ta faɗa wa Baba ranar da ya zo ɗaukata. Ya ce madalla. Na yi zaton tunda an gano dalilin ciwon, maganar tafiya da ni ta mutu. Ashe ta ƙara ƙarfi. Na ji yana ce mata, "Na ɗora miki ciyarwa, na ɗora miki jinya, na kashe miki kasuwa. Ba ni da idon da zan sake barin ta nan." Gwaggo, mai bakin da ba a kayar da ita a unguwa, cewa kawai ta yi, "Ni da wane baki zan ce ka bar min ita?" Kowannensu yana jin kunyar ɗayan, karatuna kuma yana tsakiya ba mai ɗauka.

Da hantsi aka ɗaura akwatina a amalanke. Ba kayan hutu kaɗai aka ɗauka ba. Har tabarmata an naɗe, har bokitina, har littattafan da na saba bari a kan taga. A ɗaki firigo yana gurnaninsa, ba komai a cikinsa sai ƴan ledojin ruwa da Gwaggo ta ƙulla ko Allah zai kawo mai saye. Ta rako mu ƙofar gida. Baba ya gyara igiyar jaki, ya dubi zaren da ke wuyana, sannan ya ce wa iska, "A ba ta makullinta."

Na kai hannu na kama zaren. Sai na lura Gwaggo ba ta miƙo hannu ba. Ta tura hannuwanta duka biyu cikin mayafi, ta ƙura wa ƙasa ido. Ban taɓa roƙon Baba ko allura ba, ban ma taɓa fara yi masa magana ba sai in ya tambaya. Na saki zaren, na matsa kusa da amalanken inda ba zai iya cewa bai ji ba.

"Baba," na ce, "don Allah ka bar min makullin nan a wuyana. In an koma lakol, ina so ni zan dawo in buɗe."